Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Hoton Aikina Ya Fito Dishi-dishi?

Wani ɗalibin injiniyanci a Jami'ar Bayero, mazaunin Unguwa Uku, ya ce ya gwada ƙarfin ƙarfen gada a manhajar ANSYS, amma da ya buga hoton sakamakon a takarda, ko lambobin ba sa karantuwa. Ina matsalar take?

To ɗan'uwa, da alama fuskar kwamfutar ka ɗauka hoto. Manhajar tana da wurin fitar da hoto kai tsaye, a nan ake ƙara masa yawan ɗigo. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato hoto mai faɗin inci 6 a takardar A4 yana buƙatar ɗigo 1800 a faɗinsa.

Ka zaɓi PNG. JPEG matse hoto yake yi, sai gefen rubutu da siraran layuka su dagule. In zanen layin lissafi ne irin na MATLAB, fitar da shi a PDF, komai girman da aka yi masa ba ya fashewa.

Abin da ya fi damuna shi ne launi. Ja yana nuna inda ƙarfen ya fi shan nauyi, shuɗi inda ya fi samun sauƙi, amma a bugun baƙi da fari duka biyun duhu suke fitowa. Ka daure ka biya kuɗin bugu mai launi a waɗannan shafukan, kuma kada ka yanke ma'aunin launukan da ke gefe.

In ta WhatsApp za ka tura wa mai shagon bugu hoton, tura shi a matsayin fayil, don kada a sake matse shi.