Darasi na 12: Mahmud Al-Gohari, Ɗan Wasan da Ya Zama Koci

Duk baƙon da ya sauka a birnin Alƙahira, ba ya daɗewa kafin wani ya tambaye shi ɓangaren da yake goyon baya, Al-Ahli ko Zamalek. An kafa ƙungiyar Al-Ahli a 1907, 'yan wasanta jar riga suke sakawa, ita kuwa Zamalek an kafa ta a 1911, kuma fara ce rigarta. Hamayyar da ke tsakaninsu ta kai inda sau da yawa akan ɗauko alƙalin wasa daga ƙasar waje idan za su kara. A cikin wannan hamayya ne Mahmud Al-Gohari ya tashi.

An haife shi a 1938, ya kuma yi wasa a Al-Ahli a matsayin ɗan wasan gaba, watau wanda aikinsa shi ne jefa ƙwallo a raga. A 1959 aka yi gasar cin kofin ƙasashen Afirka karo na biyu a Alƙahira, kuma ƙasashe uku ne kacal suka shiga: Masar da Sudan da Habasha. Al-Gohari ya ci Habasha ƙwallo uku shi kaɗai a wasan da aka tashi 4 da nema, Masar ta ɗauki kofin, shi kuma ya fi kowa cin ƙwallo. Sai dai bai kai shekara 30 ba raunin gwiwa ya raba shi da wasa. Ya ci gaba da aikinsa na hafsan soja, daga bisani ya koma horar da 'yan wasa.

A 1982 ya jagoranci Al-Ahli ta ci kofin zakarun Afirka, karo na farko a tarihinta, bayan ta doke Asante Kotoko ta Kumasi. Da aka damƙa masa ƙungiyar ƙasa, sai ya sa Masar ta ci Aljeriya 1 da nema a Alƙahira cikin Nuwamban 1989. Wani matashi mai suna Husam Hasan ne ya ci ƙwallon, wadda ta kai Masar gasar cin kofin duniya ta 1990 a Italiya. Rabon ƙasar da wannan gasa tun 1934.

A Italiya ne aka ga irin kocin da ɗan wasan gaban nan ya zama. Mutumin da ya yi suna da cin ƙwallo, sai ga shi ya ɗora dukan dabararsa a kan hana cin ƙwallo. Ya cika baya da 'yan wasa, ya umarce su da haƙuri, su jira abokin karawa ya yi sakaci tukuna. Da Holan, wadda ke riƙe da kofin Turai a lokacin, an tashi kunnen doki 1 da 1, bayan Majdi Abdulgani ya rama da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Da Ailan an tashi canjaras, babu ci. Ingila ce kawai ta ci Masar, ita ma da ƙwallo ɗaya tak.

Wasan da aka yi da Ailan ya jawo masa suka mai zafi. Kocin Ailan, Jack Charlton, ya fito fili ya zargi Misirawa da ƙin yin wasa da ɓata lokaci. Har yau akan kawo wannan wasa a matsayin misali idan ana bayanin dalilin da ya sa a 1992 aka hana mai tsaron gida kama ƙwallon da abokin wasansa ya mayar masa da ƙafa. Sukar tana da ƙanshin gaskiya, domin 'yan kallo ba su ga abin kirki ba ran nan. Amma Al-Gohari ya san ƙarfin mutanensa, waɗanda galibinsu a gida suke wasa, ya kuma san cewa idan suka buɗe baya a gaban irin su Gullit da Van Basten, ruwan ƙwallaye za su sha. Hakan kuwa ta faru bayan 'yan watanni, lokacin da Girka ta ci Masar 6 da 1 a wasan sada zumunci, aka sallame shi.

Abin da ya fi girgiza Alƙahira shi ne komawarsa Zamalek. Ɗan Al-Ahli gaba da baya, ya karɓi ragamar abokiyar hamayya, ya kuma ci mata kofin zakarun Afirka a 1993. A wasan ƙarshe Asante Kotoko ce dai aka sake dokewa. Cikin 'yan wasansa na lokacin akwai ɗan Nijeriya, Emmanuel Amuneke. A farkon 1994 kuma Zamalek ta ci Al-Ahli kanta 1 da nema a Johannesburg, ta ɗauki babban kofin Afirka na Super Cup.

A 1998 ya kai Masar Burkina Faso ba tare da mutane da yawa sun sa mata rai ba. Ta ci Afirka ta Kudu 2 da nema a wasan ƙarshe a Wagadugu. Da haka ya zama mutum na farko da ya ci kofin Afirka yana ɗan wasa, ya kuma ci shi yana koci. Sai a 2013 Stephen Keshi na Nijeriya ya bi sawunsa.

Daga 2002 ya horar da ƙungiyar Jodan, ya kai ta zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe a gasar kofin Asiya ta 2004. Ya rasu a birnin Amman ranar 3 ga Satumba, 2012, aka kawo gawarsa Alƙahira aka binne. Husam Hasan, matashin da ya ci masa Aljeriya, shi aka naɗa kocin Masar a Fabrairun 2024.

Tambayoyi
1. Mene ne bambanci tsakanin "kunnen doki" da "canjaras" kamar yadda aka yi amfani da su a nan?
2. Don me Al-Gohari ya zaɓi tsaron baya a gasar 1990?
3. Me ake nufi da "ɗan Al-Ahli gaba da baya"?