Darasi na Tara: Wuraren Tarihi da Yawon Buɗe Ido a Ƙasar Peru

Gabatarwa

Wannan darasi zai dubi ƙasar Peru da ke Kudancin Amurka, domin a ga yadda al'umma ke cin moriyar kayan tarihinta, da kuma matakan da take ɗauka don kada baƙi su lalata abin da suka zo gani.

Garin Machu Picchu

Daular Inka, wadda babban birninta shi ne Kusko, ita ta gina Machu Picchu wajejen 1450, a zamanin Sarki Pachakuti. Ma'anar sunan a harshen Kecuwa ita ce "tsohon dutse". Garin yana bisa tsauni, mita 2,430 sama da teku, kuma an gina muhimman ɗakunansa da sassaƙaƙƙun duwatsu ba tare da kwaɓi a tsakaninsu ba. Sifaniyawan da suka far wa daular a 1532 ba su kai gare shi ba. A 1911 manoman yankin suka yi wa Ba'amurke Hiram Bingham jagora zuwa wurin, shi kuma ya sanar da duniya. A 1983 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Gidajen Tarihi

Bingham ya kwashi dubban kayayyaki zuwa Jami'ar Yale. Bayan doguwar taƙaddama, an mayar da su Peru a 2011 da 2012, aka adana su a gidan tarihi na Casa Concha a Kusko. A birnin Lima kuwa akwai gidan tarihi na Larco, wanda aka kafa a 1926. Ya shahara da tukwanen al'ummar Moche, sannan yana da igiyoyin kifu, wato igiyoyi masu ƙulle-ƙulle da Inkawa suka yi amfani da su wajen adana lissafi, kasancewar ba su da haruffan rubutu.

Hanyar Inka

Masu sha'awar tattaki sukan bi tsohuwar hanyar Inka, mai tsawon kimanin kilomita 43, su isa Machu Picchu cikin kwana 4. Sukan ƙetare wata mashiga da ta haura mita 4,200, inda ƙarancin iska ke wahalar da numfashi. Da cunkoso ya fara lalata hanyar, sai gwamnati ta ƙayyade mutum 500 a rana, har da 'yan dako da 'yan jagora. Haka nan akan rufe ta duk watan Fabrairu domin gyara.

Kammalawa

An ga cewa kayan tarihi dukiya ce da ba ta da madadi. Saboda haka, wajibi ne malami ya koya wa ɗalibansa ladubban ziyartar irin waɗannan wurare tun kafin ya fita da su.

Auna Fahimta

1. Me ya sa aka ƙayyade yawan masu bin hanyar Inka?
2. Yi bayanin amfanin igiyoyin kifu.
3. Tattauna hujjojin mayar wa ƙasa kayan tarihinta.