Java Ta Tsaya Mini A Wuya

Tambaya: Ni ɗan Gummi ne, ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Gusau. Darasin kilas da objek a Java ya gagare ni. Ina mafita?

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka, kusan kowa a nan yake fara tuntuɓe. Kilas tamkar abin buga bulo ne, objek kuwa bulon da ya fito. Rubuta kilas mai suna Manomi, ka ba shi suna, gari da yawan buhunan gero, da aiki guda: sayarwa, mai rage buhunan. Daga shi ka fitar da manomi na Anka, wani na Bukkuyum. Idan na Anka ya sayar, buhunan na Bukkuyum ba za su motsa ba. Hadda ba ta fid da kai a nan. Kullum ka rubuta da hannunka, ko a takarda ne in babu wuta. Batun gado tsakanin kilas da kilas kuwa, jinkirta shi sai wannan darasin ya zauna.