Kalmarmu ta Wannan Mako: Sennight

 Yau mun zaƙulo muku wata tsohuwar kalma da ko Turawan Ingila sun daina faɗa: sennight. Ana furta ta "senait", wasu kuma su ce "senit".

Ma'anarta

Sennight na nufin mako guda. Asalinta kalmomi biyu ne na tsohon Ingilishi, seofon da nihta, wato dare bakwai. Yau da gobe baki ya haɗe su suka zama guda. Shi ya sa a tsofaffin littattafai za ku gan ta da rubutu iri-iri: sennight, se'nnight ko sevennight.

Me ya kawo dare cikin lissafin mako? Kakannin Turawan Ingila da dare suke ƙirga lokaci, ba da yini ba. Masanin tarihin Rum, Tacitus, ya rubuta haka game da ƙabilun Jamus tun shekara ta 98 Miladiyya. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Mu ma kwana muke ƙirgawa. Muna cewa an yi suna bayan kwana bakwai, baƙo ya yi bakwai biyu a gari. Har ila yau dare ne ke riga yini a wurinmu, shi ya sa daren Juma'a yake zuwa bayan faɗuwar ranar Alhamis.

Yadda ake amfani da ita

Na farko, a matsayin tsawon lokaci:
"My uncle stayed a sennight at Tudun Wada." Kawuna ya yi kwana bakwai a Tudun Wada.

Na biyu, bayan sunan rana. A nan ne ɗalibai suka fi ruɗewa:
"We shall visit Tiga Dam on Monday sennight." Za mu ziyarci madatsar ruwa ta Tiga Litinin ta sama, wato mako guda bayan Litinin mai zuwa.

Na uku, this day sennight, wanda ya yi daidai da "rana ita yau":
"Meet me at Kwanar Dangora this day sennight." Mu haɗu a Kwanar Dangora rana ita yau.

Ina za ku ci karo da ita?

Shakespeare ya yi amfani da ita a Macbeth da Othello, kuma Othello na cikin littattafan adabi na WAEC daga 2016 zuwa 2020. Tana kuma cikin Pride and Prejudice na Jane Austen, wanda ya fito a 1813. Daga baya week ta ture ta gaba ɗaya. Amma 'yar uwarta fortnight, wato dare goma sha huɗu ko mako biyu, tana nan da ranta a Ingila da Najeriya, ko da yake Amurkawa ba su cika faɗinta ba.

Hattara

Sanin kalma daban, sanin muhallinta daban. Idan kun ga sennight a darasin adabi, ku fassara ta da mako guda, ku wuce. Amma kada ku saka ta a wasiƙa ko insha'i a WAEC ko NECO don burge mai duba takarda. Ingilishin yau ake nema, kuma tsohuwar kalma a inda ba ta dace ba na iya rage maki. Ku rubuta week, ko fortnight idan mako biyu kuke nufi.

Aikinku

Kowa ya rubuta jimla ɗaya da sennight, ɗaya da fortnight, tare da fassararsu ta Hausa, ya miƙa wa wakilin ƙungiyar 'yan jarida na ajinsa. Jimloli ukun da suka fi kyau za mu liƙa su a wannan allo rana ita yau.