Willie O'Ree, Mai Ido Ɗaya a Kan Ƙanƙara

A ƙasar Kanada, can arewa da Amurka, sanyi ya kan yi tsanani har ruwan koguna da tafkuna ya daskare ya zama ƙanƙara. Ba irin wadda ku kan tsinta da damina ba ce. Wannan shimfiɗe ta ke kamar daɓe, ga ƙarfi, har mutum ya yi gudu a kanta. A nan mutanen ƙasar su ke wani wasa da a ke kira hoki. Kowane ɗan wasa yana sa takalma masu siririn ƙarfe a ƙarƙashi, kamar bakin wuƙa, da su ya ke sulɓi, yana kuma riƙe da doguwar sanda mai lanƙwasasshen baki. Abin da su ke bugawa wani ɗan faifai ne na baƙar roba, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, ga tauri sai ka ce dutse. Mutum shida shida ne a kowane ɓangare, kowa yana neman ya jefa faifan cikin ragar abokan karawa.

A wani gari na ƙasar nan, sunansa Fredericton, aka haifi Willie O'Ree a shekarar 1935. Baƙar fata ne, shi ne kuwa auta cikin 'ya'ya 13. Tun yana ɗan shekara 3 ya soma sulɓi a ƙanƙara, ya tashi da saurin ƙafa ƙwarai.

Yana da shekara wajen 20, ana cikin wasa, sai faifan nan ya taso ya same shi a idon dama. Likita ya duba, ya ce idon ya mutu, shi da hoki kuma har abada. Willie ya ji, amma da ya warke sai ya ɗauki sandarsa ya koma fili. Ya sani in manyan ƙungiyoyi suka ji labari ba wadda za ta ɗauke shi, don haka ya rufe bakinsa. Ko iyayensa bai gaya wa ba, amma ya gaya wa yayarsa.

To, ku lura da wahalar. Wurinsa a gefen hagu na fili ya ke, watau abokansa da faifai duk suna damansa, wajen mataccen idon. Ku rufe idonku na dama da hannu, ku sa wani ya jefo muku lemo daga dama, sa'an nan za ku gane. Shi kuwa yana cikin gudu, tilas ya juyo da kansa gaba ɗaya kafin ya ga abin da aka turo masa.

Duk da haka, ran 18 ga Janairu, 1958, ƙungiyar Boston Bruins ta sa shi cikin wasanta a birnin Montreal. A babbar gasar da a ke kira NHL ƙungiyoyi shida ne kaɗai a lokacin, ba a kuwa taɓa ganin baƙar fata cikinta ba sai ran nan. Wasa 2 ya yi, aka mai da shi ƙaramar ƙungiya. Da aka sake kiransa a ƙarshen 1960 ya yi wasa 43, ya ci sau 4. Ya sha zagi daga 'yan kallo saboda launin fatarsa. A Chicago ma wani ya doke shi da sanda, ya zubar masa da haƙoran gaba. Willie ya rama, aka kore su duka biyu. Bayansa ba a ƙara ganin baƙar fata a gasar ba sai 1974.

Cin nan 4 ba wani yawa ba ne, amma a ganina ba shi ne ma'aunin gwanintarsa ba. Da ya koma wata ƙungiya ta birnin Los Angeles, mai koyar da su ya mai da shi gefen dama. Nan da nan lafiyayyen idonsa ya fuskanci fili. A kakar wasa ta 1964 zuwa 1965 ya ci sau 38, ba wanda ya kai shi a gasarsu. Bai ajiye sanda ba sai 1979, yana da shekara 43. A 2022 Boston ta ɗaga lambar rigarsa, 22, ta rataye a rufin filinta, ta ce ba wani ɗan wasanta da zai ƙara sa ta.

Tambayoyi
1. Don me Willie ya ɓoye labarin idonsa?
2. Me ya sa gefen dama ya fi masa sauƙi?