Shukar gwanda a gida

Gwanda icce ne mai amfani. Asalinta daga ƙasar Meksiko da maƙwabtanta ne, amma yau ta zama ƴar gida a ƙasar Hausa. Ana shuka ta cikin garake, a bakin Gulbin Maraɗi, a Tibiri da Jiratawa. Cikin birnin Maraɗi ma, gidan da ke da rijiya ko famfo yana iya samun tasa.

Ɗiyan gwanda suna ɗauke da bitamin A da C. Bitamin A yana tsare idanun yara daga dundumi.

Yadda ake shuka ta

Ana ɗibar iri daga nunanniyar gwanda mai zaƙi. A wanke shi, a shanya a inuwa. A shuka ƙwaya 3 cikin leda mai ƙasa da taki. Bayan sati 2 ko 3 sai su tsiro.

In tsiron ya kai santimita 20, lokacin dashe ya yi. A gina rami mai zurfin santimita 50, a zuba ruɓaɓɓen taki. Tsakanin rami da rami a bar mita 2. A yi dashe da marece, a ba da ruwa. A kewaye da ƙaya saboda awaki.

Gwanda tana son ruwa, amma in ruwa ya kwanta a gindinta kwana 2, saiwa takan ruɓe, icce ya mutu.

Namiji da mace

Wajen wata 5 gwanda take fure. Furen namiji ƙanana ne, suna reto a dogon sili. Furen mace babba ne, yana manne da jikin icce. Mace ce ke yin ɗiya, amma tana bukatar garin furen namiji. Saboda haka ana barin namiji 1 ga mata 10. Kafin shekara ta cika, an fara cin gwanda.

Gwanda da ɗari

Gwanda ba ta son sanyi. A watan Disamba da Janairu, dare yakan yi sanyi ƙasa da digiri 15. Sai girmanta ya ragu, hunturu kuma ya yayyage ganye. Manomi mai dabara yakan yi dashe da farkon damina, don icce ya yi ƙarfi kafin ɗari. Yakan kafa zana wajen gabas da arewa, ya rufe gindi da ciyawa.

A gabashin Amurka akwai wani icce da masu jin Ingilishi ke kira da suna ɗaya da gwanda. Amma shi ɗan'uwan gwandar daji ne. Yana jure sanyin digiri 25 ƙasa da sifiri. Irinsa ba ya tsira sai ya yi wajen wata 3 cikin sanyi da laima. Ƙasar Maraɗi ba ta da irin wannan sanyi, don haka bai dace da ita ba. Kowane icce da ƙasarsa.

Tambayoyi

1. Yaya ake gane namijin gwanda?
2. Me ke ruɓar da saiwar gwanda?
3. Don me ake kafa zana wajen gabas da arewa?

Aiki

Kowane ɗalibi ya shuka ƙwaya 3, ya rubuta ranar shuka da ranar tsiro cikin littafinsa.