Darasin Lafiya: Aikin Masanin Halayyar Ɗan Adam A Wurin Farfaɗo Da Majinyaci

Darasinmu na wannan fitowa a kan wani ma'aikacin asibiti ne da yawancinmu ba mu san da zamansa ba, alhali gidaje da yawa suna buƙatarsa. Shi ne masanin halayyar ɗan Adam mai duba majinyata, wanda a asibiti za ki ji ana ce masa saikolojis. Za mu duba aikinsa a wurin da ake farfaɗo da mutum, wato a mayar da shi cikin rayuwa bayan shaye-shaye ko wata doguwar jinya ta kayar da shi.

Wane ne shi?

Da farko dai mu raba shi da likitan ƙwaƙwalwa, domin mutane suna cakuɗa su. Likitan ƙwaƙwalwa karatun likita ya yi, sannan ya ƙware a kan cututtukan ƙwaƙwalwa, shi ke rubuta magani. Shi kuwa masanin halayya ilmin tunani da ɗabi'un mutum ya karanta a jami'a, ya ƙara digiri na biyu a fannin duba majinyata, ya kuma samu horo a asibiti. A Nijeriya ba ya rubuta ƙwaya ko allura. Kayan aikinsa su ne saurare, da gwajin tunani, da tattaunawa mai tsari. Akwai maza akwai mata a cikinsu.

Wani malamin jami'a a Amurka mai suna Lightner Witmer ne ya buɗe ɗakin farko na irin wannan aiki a shekarar 1896. Aikin ya bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da sojoji suka dawo gida, wasu ba hannu ba ƙafa, wasu kuma jiki lafiya amma firgici ya hana su barci. A nan aka ga ashe ɗinke rauni kaɗai ba ya mayar da mutum yadda yake.

Me ya sa abin ya shafe mu?

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda a Nijeriya. Abin da ya fi tayar da hankali, cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce. A wannan shekarar ce gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, saboda yadda matasa, har da matan aure, suka mayar da shi abin sha. To 'yar uwa, duk wanda ya faɗa wannan hali ɗan wata ne, ko mijin wata, ko ƙanwar wata. Kuma ke kin san a kan wa ɗawainiyar take ƙarewa.

Aikinsa ga mai shaye-shaye

Idan aka kwantar da mai shan tiramadol ko kodin, kwanakin farko na likita ne da ma'aikatan jinya, domin jiki yana bore: ciwon gaɓoɓi, gumi, amai, gudawa, rashin barci. Wannan yakan lafa cikin mako guda ko makamancinsa. A nan ne iyaye suke cewa ai ya warke a sallame shi. Ba haka ba ne. Ƙwayar ce ta fita daga jini, amma abin da ya kai shi gare ta yana nan daram. Daga nan aikin masanin halayya yake farawa.

Na ɗaya, bincike. Zai zauna da majinyaci ya ji tarihinsa: yaushe ya fara, da wa yake sha, me yake ji kafin ya sha. Sau da yawa akan tarar da wani ciwon a ƙarƙashi, kamar ciwon damuwa, ko fargaba, ko wani abu da aka taɓa yi masa yana yaro bai taɓa faɗa wa kowa ba. Mace kuma wataƙila zaman kaɗaici ne, ko tashin hankalin gidan miji, ko damuwar da takan biyo bayan haihuwa.

Na biyu, tayar da niyya. Mafi yawan waɗanda ake kaiwa ba da son ransu suka je ba. Faɗa da gori ba sa sa mutum ya daina, sai dai ya ƙara taurin kai. Akwai wata hanya da William Miller ya fito da ita a 1983, inda maimakon a yi wa mutum huɗuba, sai a yi ta yi masa tambayoyi cikin mutunci har ya faɗi da bakinsa abin da ƙwaya ta raba shi da shi, da abin da yake so rayuwarsa ta zama. Hujjar da mutum ya kawo da kansa ta fi zama a ransa.

Na uku, gyaran tunani da ɗabi'a, hanyar da likita Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960. Misali, matashi ya nemi aiki bai samu ba, sai zuciya ta ce masa, “Kai ba ka da amfani.” Sai ƙunci ya taso, sai ya nufi majalisar da ake sha. Masanin zai koya masa ya kama wannan tunani tun yana tasowa, ya auna shi ko gaskiya ne, ya kuma tanadi abin da zai yi a madadin sha. Zai koya masa cewa sha'awar ƙwaya takan taso ta yi ƙarfi sannan ta lafa da kanta idan aka daure, da kuma yadda zai ce a'a idan tsohon aboki ya miƙo masa.

Na huɗu, shirin komawa gida. Tare za su lissafa wurare da mutane da lokutan da ke da haɗari gare shi, da wanda zai kira in abin ya taso. Masana sun ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan sake komawa. Don haka in ɗanki ya zame, kada ki ce kuɗi sun tafi a banza. Kamar mai hawan jini ne da jininsa ya sake hawa, asibiti ake mayar da shi.

Ba masu shaye-shaye kaɗai ba

Ki ɗauki maigidan da shanyewar ɓarin jiki ta kama. Jiya shi ke fita nema, yau sai an kai shi banɗaki. Kusan mutum ɗaya cikin uku na masu wannan lalura ciwon damuwa yakan kama su. Sai ki ga ya ƙi abinci, ya ƙi zuwa gashi, yana fushi ba dalili, a ce ai halinsa ne ya canza. Masanin halayya yana gwada ƙarfin tunawarsa da natsuwarsa, ya bayyana wa iyali abin da ciwon ya taɓa a ƙwaƙwalwa, ya taimaka masa ya sa wa kansa ƙananan buri, kamar riƙe cokali ko taka ƙafa zuwa zaure. Haka yake yi da wanda aka yanke wa ƙafa, da mai yoyon fitsari da aka yi wa aiki amma ƙyamar da ta sha ba ta bar zuciyarta ba. Ita ma mai jinya yana sauraronta, domin gajiya da kukan ɓoye sukan kwantar da ita.

Ina naki aikin, uwargida?

In an kira zaman iyali ki je, ki kuma lallaɓa maigida ya je. Ki faɗi gaskiya ko da da ɗaci, ai ranar wanka ba a ɓoye cibi. Kada ki matsa wa masanin ya gaya miki abin da ɗanki ya faɗa masa. Sirri amana ce a aikinsa, ba ya buɗewa sai in rai yana cikin haɗari. Bayan sallama ki daina tuna masa abin da ya wuce, ki lura da kuɗin da ke shiga hannunsa, a sama masa sana'a ko makaranta, kuma kada a fasa ranar komawa asibiti. In kika ji yana cewa gara ya mutu, kada ki ɗauka wasa ne, a kai shi asibiti a ranar.

Sannan a kula da inda ake kai yara. A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wasu gidajen mari a Kaduna da Katsina, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta tanadi kare majinyaci daga irin wannan azaba. Kafin ki miƙa ɗanki ki tambaya: akwai likita? Akwai masanin halayya? Ana barin iyaye su gan shi? Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware ta jihar Sakkwato da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, ga kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa.

Addu'a kuwa kada ki sake ta, ita da neman magani tare suke tafiya. Ki karanta wa maƙwabciyarki wannan darasi, wataƙila tana da nata a ɗaki tana ɓoyewa don kunya. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.